Kaset Ɗin Da Ya Tashe Ni Daga Gindin Tsamiya

Gwadabe ne ya cuce ni. Gwadabe dai mai gyaran wuta a kamfanin barguna na Sharada, wanda ya ci dambuna har ya yi kumatu. Abokinsa Shu'aibu ma yana da nasa kason, amma shi ɗan rakiya ne, duk inda aka ja shi bi yake yana murmushi. Gwadabe ne mai dabarar, don haka shi na riƙe, kuma ba zan sake shi ba.

Ni ce Uwani mai dambu. Duk wanda ya taɓa aiki a wannan layin ya san ni, in bai san fuskata ba ya san yajina. Wurin da kamfanin yake zaune ɗin nan gonar ubana ce a da, a nan na koyi tsinkar wake. Da aka zo aka share gonaki aka kafa katanga, tsamiya guda ce ta tsira, tana dab da bakin get. A gindinta nake ajiye madambacina, in jiniyar cin abinci ta kaɗa ma'aikata su fito su kewaye ni. Inuwar nan ita ce kaɗai abin da ya rage mini na wannan ƙasa. Yanzu ga ni a tsallaken titi, a bakin kwata, rana tana dafa ni, manyan motoci suna ba ni hayaƙi. Kaset ne ya kai ni can.

Ɗakin zaurena na ba wa yaran nan biyu haya. Shu'aibu ɗan wajen Matamaye ne, yana aiki a kan injin saƙa, kuma Allah ya ba shi murya, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. In yana wanki yana rera waƙa, sai ka ga matan maƙota sun rage surutu. Gwadabe kuwa ba shi da murya ko ta kiran akuya, sai hannu. Duk abin da ya mutu, in dai da waya a cikinsa, zai tashe shi.

Shekarar da aka canza kuɗi, wani injiniya Ba'indiye da zai koma ƙasarsu ya bar masa wani abin kiɗa da ya lalace. Gwadabe ya shigo da shi a bayan keke, a naɗe cikin buhu, kamar ya ɗauko jariri. Abu ne dogo, da haƙora farare da baƙaƙe, ya ce sunansa piyano, amma na lantarki. Ya kwance shi, ya hura, ya liƙa, ran nan ina tsakar gida sai na ji wani kuka daga zaure, wiii, wiii.

Na ce, "Kai Gwadabe, sauro ka fara kiwo a ɗakina?"

Ya ce, "Inna, zo ki ji. Akwai sarewa a ciki, akwai ganga, har da ruwan sama."

Na leƙa. Ya danna nan, sarewa ta fito, amma irin wadda mura ta kama. Ya danna can, ganga ta fara da kanta, tik-tik-tas, tik-tik-tas, ba mai bugawa. Shu'aibu ya ɗora muryarsa a kai. To, ni dai na koma kan aikina. Amma na tarar ina juya muciya daidai da tik-tik-tas ɗin.

Daga nan ranar Lahadi ta daina zama ranar hutu a gidana. Suka sa wa kansu suna wai 'Yan Jiniya, suka ce kaset za su yi, cikakke, gaba da baya. Suka kwaso bargunan da kamfani ya ƙi, masu karkataccen zane, suka rufe bango da su, suka toshe taga, wai kada ƙarar waje ta shiga. Cikin watan zafi fa! Sai ka ga sun fito sharkaf kamar an tsamo su daga kududdufi, su sha ruwan randa, su koma. Rikoda biyu suka aro. Sai Gwadabe ya ɗauki kiɗa a ɗaya, ya kunna ta, ya ƙara wani kiɗan a kai yana ɗauka da ɗayar, ya sake juyawa, har sai abu ya yi kauri, sannan Shu'aibu ya hau. In aka ɗauke wuta, su jona da batirin mota. In akuyata ta yi kuka, su sake daga farko. Zakarana kuwa ya gagare su, yana nan a waƙa ta biyu har yau, duk mai kaset ɗin ya saurara zai ji shi.

Waƙoƙin na san su tun kafin kowa ya sani, don ta bangona suka bi. Ta farko ta jiniyar safe ce, yadda kekuna suke tsere a kan titin Sharada, kowa yana taka feda kamar kura ta biyo shi, burodi a baki. Akwai ta kogin Challawa, inda Shu'aibu yake tambayar kogi, jiya ja, yau shuɗi, wa yake maka rini ba ka biya ba? Akwai wadda ya yi wa mahaifiyarsa, yana ce mata ya saƙa bargon da zai rufe Damagaram duka, shi kuwa da zanen gado yake kwana. Wadda ta fi tsaya mini ita ce ta mutumin da aka sallama daga aiki, amma kullum da safe sai ya ɗauki kekensa ya fita, ya zauna a gindin bishiya har a tashi, don kada mutanen gida su sani. Lokacin nan kamfanoni suna ta rage mutane, kowa ya san irinsa. Amma kiɗan da Gwadabe ya sa mata na rawa ne zalla.

Na ce masa, "Kai wane irin mutum ne? Magana ta kuka, kiɗa na biki?"

Ya ce, "Inna, in na sa mata kiɗan kuka wa zai saurara? Mutum ya gama aiki a gajiye, sai kuma ya kunna abin da zai ƙara masa? Gara ya taka rawa, maganar ta shige shi bai shirya ba."

Wannan kam na ba shi gaskiya. Ni ba na hana mutum gaskiyarsa don ya cuce ni.

Saura waƙa ɗaya kaset ya cika, sai Gwadabe ya fara ƙorafi wai gangar cikin piyanon ba ta da gishiri, kullum tik-tik-tas kamar agogo. Wata Lahadi da hantsi ina surfen masara ni da maƙociyata Hauwa, muna lugude, ta buga in buga, in cilla taɓarya sama in tafa in cafe. Sai ga shi ya fito da gudu ba takalmi.

"Inna, don Allah kada ku tsaya! Wannan nake nema!"

Na ce, "Turmin?"

Ya ce, "Shi. Ki bar ni in ɗauki ƙararsa."

Na ce ya ɗauka, turmi ba shi da sirri. Ya jawo waya, ya ɗora makirfo a kan bulo kusa da ƙafata, ya koma zaure. Ƙarar turmi ya roƙa, ƙarar turmi na ba shi. Amma wace mace ce take daka bakinta a rufe? Da hannu ya ɗau zafi sai na ɗauko waƙata ta kullum.

Wanda na yi waƙar dominsa shi ne Sajan Ashafa, shugaban masu gadin kamfanin. Tsohon soja ne, ga tumbi, ga gashin baki, ga usur a wuya. In jiniya ta kaɗa, ko rabin tayar kekenka ta shiga get, rufewa zai yi. Wanda ya makara ya sa shi tsallen kwaɗo, magidanci da furfurarsa. Mu masu abinci kuwa kullum sai ya zagayo wai duba tsafta, ya ɗanɗana na kowa, ya ce gishiri ya yi yawa, ya ƙara loma. Shi ne na yi masa 'yar waƙata:

Ƙofar wani, makullin wani,
kai naka zare ido.
Tukunyar wani, wutar wani,
kai naka buɗe baki.

Shekara da shekaru ina yin ta a gindin tsamiya, yana tsaye yana ji. Bai taɓa tankawa ba, kuma ba zai tanka ba, don ban kama suna ba. Haka habaici yake tun kakanni. Ka yi jifanka a kasuwa, wanda ya ce wayyo shi ya tona kansa. Ni na huce haushina, shi ya riƙe girmansa, in na gama ya miƙo kwano in zuba masa da zogale da yawa. Zamanmu lafiya lau.

Yaran suka gama kaset, suka kai wa wani mutum a Sabon Gari ya buga musu da yawa. A bayan kwalin ga hotonsu, sun sa kayan aiki shuɗi da baƙin gilashi, sun haɗe rai kamar an yi musu sata. Suka kawo mini ɗaya har da durƙusawa. Ni ba ni da rikoda, na jefa shi cikin kwalla na ce Allah ya sa albarka. Ka ji, har albarka na sa musu.

Ranar wata Talata, an fito cin abinci, ina cikin zuba wa mutane, sai mai shayin gefena ya kunna rikodarsa ya ƙure murya. Na ji turmina, dum-dum, dum-dum, piyano yana bin sa a baya. Sai ga muryata. Wallahi da farko daɗi na ji. Ban san haka muryata take ba, tsaf da ita, ba rawa. Ma'aikata suka fara, "Inna Uwani! Inna Uwani ce!" Na ce su yi mini shiru, amma ina gyara ɗaurin ɗankwali.

Ina kai "kai naka zare ido", sai wata murya ta amsa, mai karkarwa kamar ta ƙarfe: "Sa-jan A-sha-fa! Sa-jan A-sha-fa!"

Cokali ya faɗi daga hannuna. Daga baya na ji yadda aka yi ta, wai Gwadabe ne ya tsuguna a bayan fanka tana juyawa ya yi magana ta cikinta. Duk baitin da na yi, fankar nan sai ta amsa da sunan mutum. Wurin ya kaure. Wani ya shaƙe da dambu sai da aka bubbuga masa baya. Yaran ɗakin rini suka tashi suna rawa, suna turo ciki gaba, suna zare ido.

Sajan ya taho a hankali, hannu a baya. Ya tsaya a kaina. Bai yi tsawa ba, da ma tsawar ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Uwani, tun yaushe kike wannan waƙar?"

Na ce, "An daɗe."

"Na taɓa ce miki kanzil?"

"Ba ka taɓa ba."

"To yau an kama suna. In na yi shiru, gobe wa zai tsaya in na hura usur? Kwashe kayanki."

Na ce, "Sajan, ka ji muryata ta faɗi sunanka? Wannan muryar aljanin tawa ce?"

Ya ce, "Waƙarki ce, turminki ne. Tsallake titi."

Kafin la'asar Fanna mai shinkafa da wake ta ja tukunyarta ta gaje inuwata, ko kunya. Ba na ganin laifinta sosai, ni ma da ita aka tasa da na matsa.

Na dawo gida na sami Gwadabe a zaure yana goge piyanonsa da tsumma. Na tsaya a bakin ƙofa na kama ƙugu.

"Wa ya aike ka?"

Ya ce, "Inna, sannu da zuwa. Kin ji yadda ta fito kuwa? Ita ce ta fi kowacce karɓuwa."

"Na ce wa ya aike ka ka sa sunan mutum a waƙata?"

Ya sosa ƙeya. "Ai kowa ya san da shi kike."

"Kowa ya sani, amma wa ya faɗa? Uwarka ba ta daka a gidanku? Ka taɓa jin ta kama suna?"

Ya ce wai waƙar tana buƙatar amshi, ya gwada kalmomi iri-iri ba su zauna ba, da ya gwada sunan Sajan sai ya hau kan kiɗan daram kamar don shi aka raɗa masa. Ka ji dalili! Shu'aibu yana gefe yana cewa, "Na fa ce masa, Inna, na ce masa." Na ce, "Kai rufe mini baki, ka ce masa, sannan ka riƙe masa fankar."

Kaset kuwa ya tafi kamar wutar kara. Bompai, Challawa, cikin motocin haya, shagon masu aski. Duk kamfanin da ke da maigadi mai zafi, ma'aikata suka sa masa Sajan Ashafa. Na shiga bas zan je gaisuwa, direba ya kunna, wata mata kusa da ni tana bin baitin tana kuskure, sai da na gyara mata. Wasu mata daga Hotoro suka yi sallama har gidana, wai suna da biki, ko zan zo in yi musu waƙa, za su yi mini liƙi. Ni! Na ce su duba ni da kyau, na yi musu kama da zabiya? Ubana manomi, kakana manomi, a zuriyarmu ba wanda ya taɓa buɗe baki a taro don a manna masa kuɗi a goshi. Ba raina masu yi nake ba, kowa da gadonsa. Na ba su ruwa suka sha, na raka su ƙofa.

A tsallaken titi samari suna biyo ni, har da waɗanda ba su taɓa cin dambu ba, su zo su ga mai waƙa. Amma dattawan da na saba da su ba sa iya tsallake titin nan da motoci a ɗan lokacin da ake ba su. Ina hango su a gindin tsamiya suna cin shinkafar Fanna suna waiwayena. Man gyaɗa ya yi zafi a kwalba, zogale ya yi yaushi, ni kuma kaina ya yi ta sarawa.

Da na hana Gwadabe da Shu'aibu sakat a gida, sai suka sayi goro suka je ba wa Sajan haƙuri. Suka dawo suna washe baki.

Gwadabe ya ce, "Inna, an gama! Ya ce ki koma gindin tsamiyarki."

Na ce, "Haka kawai?"

"Da ɗan sharaɗi kaɗan. A kaset na biyu za a yi masa kirari, kuma ya ce bakin da ya yi zambo shi zai yi yabo. Na ce masa kin yarda. Har na tsara miki, ji: Ashafa bangon Sharada, Ashafa zakin bakin get..."

Muciya ce a hannuna. Allah ya taimake shi yana da sauri, ya bi ta kan buta ya fice, ya bar takalmi ɗaya. Wato bai ishe shi ya sa ni a bakin duniya ba, sai ya ɗauki bakina ya kai kyauta, ya mai da ni maroƙiyar maigadi. Tun ranar bai ƙara yarda mun haɗu ba. Ya kwashe piyanonsa ya kai ɗakin wani abokinsa a Challawa, a kamfani kuma ta ƙofar baya yake shiga, inda ake sauke auduga.

Shekaranjiya ina zaune a bakin kwata sai ga Sajan Ashafa da kansa ya ɗaga wa motoci hannu, ya tsallako da kwanonsa. Ya tsaya yana kallon sama kamar hanya ce ta biyo da shi.

Ya ce, "Shinkafar matar can tana ɗaure mini ciki."

Na ce, "Allah ya sawwaƙe."

Ya miƙo kwano. Na zuba masa, don ba a hana mai yunwa. Ya tsuguna ya ci, ya ce gishiri ya yi yawa, ya ƙara loma. Sannan ya rage murya ya ce 'ya'yansa sun sayi kaset ɗin, in ya shiga gida sai su kashe, in ya fita su kunna. Wai ran nan wani direban tirela daga Bompai ya tsaya musamman don ya gan shi, har ya ba shi hannu. Yana faɗa yana murza gashin baki, ni ban ga alamar ɓacin rai a nan ba.

Ya ce, "Baiti biyu kawai, Uwani. Ko ɗaya."

Na ce, "Sajan, ko rabi. In ka ga na yi maka kirari, to a lahira ne, can ma sai an matsa mini."

Ya yi dariya har tumbinsa yana rawa, sannan ya gimtse. Ya ce shi ma ba daɗin ganina a rana yake ji ba, amma a gaban jama'a aka ci masa fuska, a gaban jama'a za a wanke. In wanda ya kama sunan ya zo bakin get lokacin cin abinci, ya tsaya ya ce shi ne, ba Uwani ba, to magana ta koma tsakanin maza, ni in ɗauki madambacina in koma inuwata. Na ce me zai yi wa yaron? Ya ce ba komai, ɗan motsa jiki ne, daga get zuwa tsamiya, a tsugune, hannu a kunne.

To Gwadabe, na san maganar nan za ta iske ka, don Shu'aibu ba ya iya riƙe zance. Waƙoƙinku sun yi daɗi, na faɗa a gaban kowa, ta mai keken nan har hawaye ta sa ni. Amma sunan nan ba daga bakina ya fito ba, kai ka tsuguna a bayan fanka ka faɗe shi. Ka bar bin ƙofar auduga kamar ɓera. Gobe in jiniyar rana ta kaɗa, ka zo bakin get, ka cire baƙin gilashin nan, ka faɗa da muryarka ta Allah, ba ta fanka ba, wa ya kama sunan Sajan Ashafa. In tsallen kwaɗo ne ka yi, ƙafafunka ba su fi na dattawan da suka yi a gabanka ba. Ka fito ka amsa abin da ka yi, ni in koma gindin tsamiyar ubana.